"Umma, Abin Mamaki Ba Ya Faruwa a Birnin Kudu"

Ina fata kin samu kin ɗan zauna, yara sun tafi Islamiyya, tukunya na kan wuta, kin jawo wayar don ki huta. Yau ba maganar rigakafi ko ruwan gishiri da sukari na zo miki da ita ba. Wani kuskure na tafka a gidana, na ga gara in faɗa miki da bakina kafin ke ma ki faɗa irinsa.

Watannin baya na dawo daga aikin kwana, wajen ƙarfe takwas da rabi na safe, idanuna kamar an watsa musu barkono. Yara sun riga sun tafi makaranta. Na shiga ɗakinsu in kwashe zannuwan gado don wanki, sai na ci karo da abu biyu a ƙarƙashin matashin babbar 'yata. Ba zan kama sunanta ba, kin san 'yar fari ce. Shekarunta 12. Abu na farko wani littafin Turanci ne da ya sha hannu, bangonsa ya yage har an liƙe shi da gam: Harry Potter na ɗaya, aro daga wata ƙawarta. Na biyu kuwa littafin rubutu ne mai falle 40 da na saya mata don lissafi, ashe ta cika fiye da rabinsa da wani labari da ita kanta ta ƙaga.

Na zauna a bakin gado na karanta, barcin ma ya gudu. Wallahi rubutun ya yi kyau, ban san ta iya jera zance haka ba. Amma jarumar labarin yarinya ce mai sunan Turawa, gashinta ruwan zinare, tana zaune a wani gari da dusar ƙanƙara ke rufe ƙofofi, wata mujiya tana kawo mata wasiƙa. Yarinyar da aka haifa a Birnin Kudu ce fa ta rubuta wannan, wadda iyakar sanyin da ta sani shi ne na hunturu mai fasa leɓe da kaushin ƙafa.

Ba zan ɓoye miki ba, tsoro ne ya fara kama ni, daga baya ya koma faɗa. Da ta dawo na tare ta tun daga zaure. Na ce ashe littafin matsafa take kwana da shi, na ƙwace duka biyun na kulle a durowa. Ba ta yi kuka ba, sai ta sunkuyar da kai. Da na gama zazzaga, na ce, "To, ko rubutun za ki yi, duk 'yan matan garin nan ba ki ga wadda za ki sa a labari ba sai Baturiya?"

Ta ɗago a hankali ta ce, "Umma, ai irin wannan abin mamakin ba ya faruwa a Birnin Kudu. Wa zai karanta labarin yarinyar nan garin?"

Na rasa amsa. Na ce ta je ta ci abinci.

Daren da na tuna da Gizo

Bayan kamar mako guda ina kan aikin kwana a ɗakin yara, aka kawo wata yarinya sa'ar 'yata daga wani ƙauye. Mai sikila ce, ciwon ya tashi a ƙafafu da baya. Duk wadda ta taɓa jinyar mai sikila ta san abin da nake nufi. An sa mata ƙarin ruwa, an ba ta maganin da likita ya rubuta, amma akwai ɗan lokacin nan na jira kafin magani ya ratsa jiki, lokacin da minti ɗaya ke zama kamar yini. Uwar ta yi kuka har ta gaji, ta jingina da bango. Ƙarfe biyu na dare, ba abin da ya rage a hannuna sai jira.

Ban san yadda aka yi ba, sai na ji na jawo kujera na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Yarinyar tana cije da leɓe, amma ta amsa, can ƙasa-ƙasa, ta ce ta zo mu ji ta.

Na kama tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Rabona da ita ya fi shekara 20, don haka da na kai tsakiya sai ta ɓace mini, na shiga ƙari da kaina. Ina cikin haka ta katse ni, ta ce, "Sista, a cikin labarin akwai mai irin ciwona?"

Babu. Amma na ce akwai. Nan take na shigo da wata yarinya mai idanu rawaya-rawaya, irin na masu sikila, wadda saboda idanun nan take iya gani cikin duhun kogon Dodo inda kowa ke laluben bango. Ita ta nuna wa Gizo hanya. Kafin mu fito daga kogon numfashinta ya daidaita, hannunta ya saki ƙarfen gado.

Kada ki fahimce ni a baibai. Tatsuniya ba ta maye gurbin allura, maganin ne ya yi aikinsa da ikon Allah. Amma tun muna makarantar koyon jinya aka koya mana cewa ɗauke hankalin yaro yana rage masa jin zafi da fargaba, domin hankali ba ya iya tattaruwa a wuri biyu lokaci guda. Abin da ba a koya mini ba shi ne tambayar da ta yi. Da na fito shan iska da asuba sai na ga ashe magana ɗaya yaran nan biyu suka faɗa mini. Ta asibiti ta tambaya ko tana cikin labarin. Tawa kuwa ta riga ta yanke hukunci cewa ba ta ciki.

Mu ma fa da abinmu

Ni a Gwaram na tashi, a hannun kakata ta wajen uwa. In an yi sallar isha'i, musamman daren farin wata, sai mu baje tabarma a tsakar gida mu kewaye ta. Da rana ko roƙonta za ki yi ba za ta yi miki tatsuniya ba, ta ce mai yi da rana ɓata yake yi. A bakinta na san Gizo mai tsamin baki da wayonsa da ke ƙarewa a kansa, da Ƙoƙi mai haƙuri, da Ɓotorami, da Ta-kitse da ba ta shiga rana don kada ta narke, da Daskin-da-riɗi. Ki lura da kyau: 'yan matan da ke cikin labaran nan daka suke yi, rafi suke zuwa ɗiban ruwa, kishiyar uwa ce ke aikensu daji. Kamarmu suke sak, kuma su ne tsuntsu ke yi wa magana, su ne ƙasa ke buɗe wa ƙofa. Ban taɓa tunanin abin mamaki ba ya faruwa a Gwaram ba, domin kullum dare a tsakar gidanmu yake faruwa.

Ni kuwa me na ba 'yata? Ina aikin kwana, ina aikin yamma, in na dawo a gajiye nake. Kakarta tana Gwaram, sai da sallah ake haɗuwa. Gurbin tabarmar nan talabijin da waya suka cike shi. Gizon da yaranmu suka sani yanzu shi ne na yanar gizo. Ba laifinta ba ne da ta nemi abin mamaki a inda ta same shi.

Kuma ba a baka kaɗai muke da shi ba, har a rubuce. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga gasar nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, labarin mutumin da ya bar gida ya shiga duniya neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, yana ta karo da Malam Zurƙe a hanya. Daga nan aka samu Ganɗoki na Bello Kagara, jarumin da ya fafata da Turawa sannan ya faɗa duniyar aljanu. A 1937 Magana Jari Ce ya fara fitowa, inda aku ke jero labarai don ya hana ɗan sarki Musa fita daga gida ya faɗa tarkon waziri. Daga baya Ahmadu Ingawa ya kawo Iliya Ɗan Maiƙarfi, wanda ya taso ba ya iya tafiya kafin ya zama barde. A 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda yaro Bahaushe ya yi tafiya sararin samaniya. A farkon shekarun 1970 kuma Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni har littafi 6.

Abin da ya fi burge ni game da Abubakar Imam shi ne bai ji tsoron labaran wasu ba. Da yawa daga labaran Magana Jari Ce daga littattafan Larabawa da Indiyawa da Turawa ya ɗauko gindinsu, amma ya sa musu riga da rawani, ya zaunar da su a fada da kasuwa irin namu, har yau mai karatu ba ya jin baƙunta a cikinsu. Iliya ma asalinsa jarumin labaran Rasha ne. Wato magabatanmu ba rufe ƙofa suka yi ba. Baƙo suka karɓa suka koya masa Hausa.

Sai dai in za a faɗi gaskiya, akwai giɓi. Jaruman waɗannan littattafai kusan duk maza ne, manya. Da kasuwar littattafan Kano ta buɗe daga shekarun 1980, soyayya da zaman aure suka fi rinjaye, waɗanda ba na yara ba ne. Akwai littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, samari na son su ƙwarai, amma yawanci a wasu birane masu nisa na zamanin da ake kafa su, ba a unguwarmu ba. Yarinya 'yar shekara 9 zuwa 15, wadda ta wuce a goya ta da tatsuniya amma ba ta kai karatun manya ba, da wuya ta sami sabon littafin Hausa da jarumarsa sa'arta ce. A wannan giɓin 'yata ta faɗa.

Madubi da taga

Ashe ba mu kaɗai ke da wannan damuwa ba. A 1990 wata malamar jami'a a Amurka, Rudine Sims Bishop, ta yi wani rubutu da ya shahara, inda ta kwatanta littafin yara da taga da kuma madubi. Ta taga yaro ke leƙa rayuwar wasu, a madubi kuma yake ganin kansa. Yaro na bukatar duka biyun. Wanda taga kawai aka ba shi zai taso yana ganin duk wani abu mai daraja a gidan wasu yake. Harry Potter, da ya fara fitowa a Ingila a 1997, taga ce. Laifin ba na tagar ba ne, ɗakin ne babu madubi.

Wannan ya sa na shiga bincike, na kuma samu cewa marubuta 'yan Afirka da Musulmi sun yi nisa wajen cike giɓin nan da Turanci. Ga waɗanda na bi, da abin da ya kamata ki sani kafin ki miƙa wa yaro.

Ga 'yan shekara 9 zuwa 12, akwai Onyeka and the Academy of the Sun na Tola Okogwu, na 2022. Yarinya ce 'yar asalin Nijeriya da ke zaune a Landan, tana jin kunyar yawan gashinta mai wuyar tsefewa, sai ta gano ashe a gashin nan baiwarta take, aka kawo ta wata makaranta a Nijeriya. Duk uwar da ta sha fama da kukan ranar kitso za ta gane darajar wannan. A shekarar dai M. T. Khan ta fitar da Nura and the Immortal Palace, labarin yarinya Musulma a Pakistan da ke aikin haƙar ma'adini don ta taimaki mahaifiyarta, rami ya rufta da abokinta, garin nemansa ta faɗa duniyar aljanu. Ƙarƙashin labarin maganar bautar da yara ce da hana su karatu. Da na karanta, 'yan tallan bakin tasha na riƙa gani.

Ga waɗanda suka ɗan tasa, sunan da za ki riƙe shi ne Nnedi Okorafor, wadda iyayenta Ibo ne, aka haife ta a Amurka. Littafinta Zahrah the Windseeker na 2005 ya ci kyautar adabi ta Wole Soyinka a 2008. Yarinya ce da ake tsokana saboda irin gashin da aka haife ta da shi, ta shiga dajin da aka hana kowa shiga don ta samo maganin da zai ceci abokinta. Kin ga ai Ruwan Bagaja ke nan, sai dai a wannan karon mace ce ta ɗauki sanda. The Shadow Speaker na 2007 kuwa a maƙwabciyarmu Nijar aka kafa shi, a shekarar 2070, jarumarsa yarinya ce Musulma. Sai Akata Witch na 2011, wanda kamfanin Cassava Republic na Abuja ya buga da sunan What Sunny Saw in the Flames. Jarumarsa zabiya ce da ke zaune a Aba. Idan kina da 'ya zabiya da yara ke bi da waƙa a hanya, ki san akwai littafin da irinta ce tauraruwa. Amma fa akwai tsafe-tsafe irin na kudu a ciki da wuraren ban tsoro, don haka ki riga ta karantawa.

Akwai kuma Children of Blood and Bone na Tomi Adeyemi, na 2018, wanda ya yi tashe a duniya, da The Gilded Ones na Namina Forna 'yar asalin Saliyo, na 2021. Waɗannan biyu ban ba 'yata ba tukuna. Akwai zubar da jini da yawa a cikinsu, na farkon kuma an gina shi kan abubuwan bautar gargajiyar Yarabawa. Na manyan 'yan sakandare ne, su ma tare da tattaunawa.

Na san abin da ke ranki: duk da Turanci suke, kuma da tsada, ba kuma a kowane shago ake samu ba. Haka ne. Ni sai da na yi sautu daga Kano da Abuja, ɗaya bayan ɗaya, wata bayan wata. Mu huɗu a wurin aiki muka haɗa kai, kowa ta sayi guda, yaranmu na musaya. Na Hausar kuwa sun fi sauƙin kuɗi da sauƙin samu, tunda har yanzu ana karanta wasunsu a makarantu. Da su za ki fara.

To, maganar sihiri fa?

Wannan ita ce ta sa na ƙwace littafin tun farko, kuma ba zan raina tsoron kowace uwa a kanta ba. Sihiri haramun ne, ba wasa a ciki. Idan zuciyarki ba ta natsu da wani littafi ba, ki kai wa malamin da kika amince da shi, kuma hakkinki ne ki ce a gidanki ban da wannan. Abin da ni na tsaya a kai shi ne bambanci tsakanin littafin da ke koya wa yaro ya je wurin boka, da labarin da yaro ya san ƙage ne tun daga bango. Kakanninmu sun san wannan bambanci. Shi ya sa ba a rufe tatsuniya sai an ce ƙurunƙus, an kuma jingina ƙaryar ga Gizo. Tabarma ɗaya muke zama a yi mana tatsuniyar Dodo, da safe mu ɗauki allo mu tafi makaranta, ba mu taɓa haɗa su ba.

Bari in gaya miki inda ni nake ganin haɗarin gaske, a matsayina na ma'aikaciyar jinya. Ba yaron da ya karanta labarin aljani ne ke ba ni tsoro ba. Wanda ke ba ni tsoro shi ne yaron da zazzaɓin cizon sauro ya hau masa kai yana jijjiga, ko mai farfaɗiya, a ajiye shi a ɗaki kwana biyu ana hayaƙi ana cewa iska ce, sai ya galabaita a kawo mana. Mun yi imani da aljanu, Alƙur'ani ya ambace su. Amma jijjiga da zafin jiki asibiti suke so, a yi addu'a a kan hanya. Waɗanda ke ajiye yaran nan ba littattafan almara suka karanta ba. Yaron da aka zauna da shi aka ce wannan labari ne, wannan addini ne, wannan kuma ciwo ne, shi ne zai girma ya san inda zai dosa da kowanne. Wannan zaman kuwa ba ya yiwuwa idan littafin yana kulle a durowa, yarinyar kuma ta koma karatu a ɓoye. Hani ba ya kashe ƙishirwa, sai dai ya sa a sha a inda ba ki gani.

Ranar da muka hau dutse

Na buɗe durowa na mayar mata da littattafanta. Na ba ta haƙuri, abin da ban taɓa jin uwata ta yi mini ba, kuma bai rage ni da komai ba. Na ce sharaɗi ɗaya ne: duk abin da za ta karanta, ni ma zan karanta, mu yi hirarsa. Na sayo Magana Jari Ce, muka sa dokar labari ɗaya bayan isha'i duk daren da ba na aiki. Da farko tana tuntuɓe da karatun Hausa, abin da ya ba ni kunya, domin ta fi sakin baki da Turanci. Ƙannenta kuwa aku kawai suke jira.

Amma maganarta ta farko tana nan tana cina. Sai wata Asabar na ce kowa ya sa takalmi. Shekara da shekaru ina zaune a garin nan, ina wuce duwatsunsa kullum a kan hanyar aiki, ban taɓa kai yarana su ga abin da baƙi ke tasowa daga nesa don su gani ba. A duwatsun Birnin Kudu, irin su Habude da Mesa da Murufu da Zango, akwai zane-zanen da mutanen da suka yi a jikin dutse, suna ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Tun a shekarun 1950 wani masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya yi rubutu a kansu da kuma duwatsun nan masu amo.

Muka tsaya a ƙarƙashin wani dutse da ya yi rumfa. Ga shanu a zane, launinsu ya koɗe amma ana ganinsu sarai. Ita ce ta fara lura. Ta ce, "Umma, shanun nan ba su da tozo." Haka ne kuwa. Shanun da muka sani a kasuwar Sara da rugagen Fulani duk masu tozo ne, waɗannan kuwa wani iri ne dabam, wasunsu da dogayen ƙahoni, irin da ba a gani a nan yanzu. Daga nan wanda ke yi mana jagora ya kai mu wurin wani dutse, ya ɗauki ƙaramin dutse ya buga. Sai ga amo kamar na ƙararrawar ƙarfe. Ya buga wani gefen, murya ta sauya. Ƙananan suka yi tsalle suka ja da baya.

Ita kuwa shiru ta yi. Can ta shiga jero tambayoyi. Wa ya zana? Mace ce ko namiji? Ina shanun suka tafi? In aka buga dutsen da tsakar dare, wa ake kira? Na ce, "Ke za ki gaya mini. Ba ke ce marubuciya ba?"

Ba zan ce miki daga ranar komai ya sauya ba. Har yanzu tana son Harry Potter, ta ma karanta na biyu, mun kuma yi musu a kan wasu wurare. Amma na saya mata sabon littafin rubutu, wannan karon ba na lissafi ba. Da izininta na leƙa. Jarumar yanzu 'yar Gwaram ce da aka kawo riƙo Birnin Kudu. Ta buga dutse ranar wata kasuwa, shanu marasa tozo suka sauko daga jikin bango suka bi ta gida, tana ta fama da inda za ta ɓoye su kada kishiyar goggonta ta gani. Mujiyar nan ma tana nan ba ta kore ta ba, sai dai yanzu a kan kuka take kwana. Akwai kuma wata ƙawar jarumar mai idanu rawaya da ke gani cikin duhu, domin na ba ta labarin daren nan, ba tare da na faɗi ko wace ce ba.

Da muka je Gwaram da sallah ta karanta wa kakarta babi biyu. Tsohuwa ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce labarin ya yi, amma an manta ba a ce ƙurunƙus ba.

Abin da nake roƙonki

Ba sai kin sayi littafi goma ba, 'yar'uwa. Daren yau, in an yi isha'i, ki kife wayar nan ki tara su ki yi musu tatsuniya ɗaya. In kin manta tsakiyarta ki ƙara da naki, ni ma haka na yi, ba wanda ya kama ni. In akwai tsohuwa a gidan ko a dangi, ki sa ta yi, ki ɗauki muryarta a waya, domin ranar da za ki nema ki rasa tana zuwa. In kin ga littafi a ƙarƙashin matashi, kada ki yi irin tawa. Ki karanta tukuna, ki tambayi yaron me ya burge shi a ciki, amsar za ta nuna miki abin da yake nema. Ki nemo masa mai kama da shi a cikin labari: mai sunansa, mai launinsa, mai irin lalurarsa in yana da ita. Sannan ki duba garinku. Kowane gari na da dutsensa, ko tsohuwar rijiya, ko kukar da ake ba da labarinta.

Ku kuma 'yan'uwana marubuta mata, mun iya rubuta kishi da soyayya har littafi na biyar. 'Ya'yanmu na jiran nasu. Ni dai na fara, a hankali, tsakanin aikin kwana da wanki, ko da yake da alama wata a gidana za ta riga ni gamawa.

Wace tatsuniya ce kika fi tunawa daga bakin kakarki, kuma yaushe rabon da ki yi wa naki? Ki rubuto mana a ƙasa, wataƙila wata ta tuna tsakiyar da ta ɓace mini. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.